Gara Ƙarƙashin Kayan Ajiya

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona goye da sabon famfon feshi, ko ledar jikinsa bai gama ɓarewa ba. Ya ce in ba shi maganin gara mai ƙarfi, wanda ya fi kowanne wari. Na ce a ina garar take, a rufi, ko a bango, ko a ƙasa? Ya ce shi dai an ce masa gidan da gara. Na ce ka je ka gani? Ya ce ai ta waya suka gama magana da mai gidan, har sun yi ciniki.

"To ta ina take shigowa?"

"Baba, wannan kuma ai sai ita."

Na ce ya je ya duba ya dawo. Bai dawo ba. Shagon maƙwabcina ya shiga, na ga fitarsa da kwalba a hannu yana buɗa kafaɗa kamar wanda aka naɗa sarkin ƙwari.

Saboda irinsa nake wannan rubutu, kuma sun yi yawa yanzu daga cikin Jibiya har bakin boda a Magama. Kun ɗauka sana'ar nan famfo ce da takunkumi da lambar waya a jikin bango. Kuna ganina zaune a benci ina miƙa kwalabe, kuna cewa Sale Mai-Gara ya samu sana'ar hutu. Ba ku gan ni ba lokacin da nake cikin rami har ƙirji, zago yana tsattsaga mini ƙafafu. Zago su ne manyan nan masu jan kai da ke tsaron gidan gara. Wanda bai san cizonsu ba, bai fara aikin ba tukuna.

Aikin farko da na bi maigidana, rumbun wani manomi ne a ƙauyen Kusa. Maigidan nawa Baba Ɗantani ne, mutumin Mazanya, maginin ƙasa da rufin azara, amma an fi nemansa don gara. Na zaci zan ga kwalabe da garin magani. Abin da ya ɗora mini a kai diga ce da shebur da guntun rodi da tsofaffin tukwane fasassun baki. Da muka isa bai ko dubi garar da ake nuna masa a jikin rumbun ba. Ya sa na tsinto busasshen kashin shanu da karan dawa, muka cusa a tukwanen, muka yayyafa ruwa, muka kife su a ƙasa, wannan gabas da rumbu, wancan yamma, wani can bakin shinge. Matan ƙauye masu kiwon zabi sun san wannan dabara, da ita suke tara wa 'yan tsakinsu gara. Shi kuma Baba tambaya yake yi da ita. Da safe muka bi muna ɗagawa. Wasu babu komai, wasu ɗan kaɗan, ta bakin shingen kuwa cike take tana motsi. Ya ce, "To, ta faɗa mana gidansu." Muka bi wannan wajen da rodi muna soka ƙasa har muka kai inda ƙarfen ya nutse ba tare da an danna shi ba.

Wuni muka yi muna haƙa. Gidan gara ba ya ƙarewa a surin da kuke gani a sama, abin yana ƙasa, ɗaki bisa ɗaki. Can ciki akwai dunƙulen laka mai tauri kamar ƙwarya biyu a kife da juna. Baba ya fasa shi da bayan diga, sai ga uwar gara, fara, mai maiƙo, ta fi babban yatsa kauri, ko juyawa ba ta iya yi. Ba ta da aiki sai ƙwai. Ya ɗauko ta ya kira mai rumbun, ya ce ya buɗe hannu, ya ɗora masa ita a tafi. Haka al'adar aikin take: ba a sallamar mai haƙa sai ya sa uwa a hannun mai gida. Daga nan a jefa wa kaji.

A hanyar komawa na ce, "Baba, waɗanda muka bari a jikin rumbun fa?"

Ya ce, "Marayu ne. Bar su."

Shekaru na yi a bayansa. A wurinsa na koyi buga katako da bayan wuƙa. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa yana amsawa kamar busasshen duma. In ka buga ka kara kunne, wani lokaci za ka ji zago yana mayar maka da martani daga ciki, wani sauti kamar ana zuba gero a faifai. A wurinsa na san azarar giginya namiji gara ba ta iya mata, da kirya, da maɗaci, na san farin katakon nan mai arha da kafintoci ke ɗora wa mutane rufi da shi tuwo ne kawai aka ajiye mata a sama. Da magungunan kwalba suka yawaita, shi ya ce ya tsufa, ni na shiga saye da sayarwa, daga tebur a ranar kasuwa har na kai ga shago. Ban raina maganin kwalba ba, da shi nake ci. Amma magani bai san inda gara take ba, sai an kai shi.

Wani gida da aka kira ni a hanyar Bugaje, sabo fil, fenti ko bushewa bai gama ba, gara ta riga ta hau ƙyauren ɗaki. Mai gidan ya rantse hannu aka sa masa. Na fasa ƙasan ƙofar na zaro guntayen katakon da birkila ya yi amfani da su wajen zubin siminti, ya ga kwashewa wahala ce ya binne su a cikin ciko. Hannun da aka sa masa ke nan, kuma shi ya biya kuɗin aikin. Gidan da ake ginawa shi ne mafi sauƙin karewa. Kafin a zuba daɓe a kwashe duk wani itace da saiwa, a jiƙe ƙasar da magani har ta sha, a zagaye tushen ginin, a shafe katakon rufi da baƙin mai ko maganin katako tun yana ƙasa. Mutum zai sayi tayil mai tsada da ƙofar ƙarfe mai zane, in ka ce a jiƙa ƙasa sai ya ce a bari sai an ga gara. Za a gan ta kuwa.

Gidan da aka riga aka gina, zaɓin ya danganta da inda uwa take. In tana waje, a haƙo ta. In ba a kai gare ta, a yanka rami a zagaye bango a shayar da ƙasa, a huda daɓe a ɗura. In kaya ne, a ɗaga su daga ƙasa, a janye su daga bango, a riƙa juya su. Feshi shi ne na ƙarshe, kuma mafi ƙarancin amfani, domin waɗanda suka leƙo kawai yake kashewa. Amma shi ne mutane suke so, don yana wari. Na taɓa sayar wa wani Alhaji magani mai kyau wanda ba ya wari, washegari ya dawo mini da shi ya ce ruwa na ɗura masa. Mutanenmu da hanci suke sayen magani. Wasu har ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake suke nema su jefa a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ko za a ba ni kuɗin duniya ba na sayarwa, don ba gara za ta fara kashewa ba.

Duk wannan na gidaje ne. Situnan bakin boda kuwa da can ba su cika nemana ba, ko da yake yawancinsu ginin ganganci ne. Dalili shi ne kaya ba sa zama. Yau an sauke, jibi an loda. Gara tana son duhu da laima da abin da ba a taɓawa. 'Yan dako su ne maganin garar situnan Magama, ba wanda ya sani, ba wanda ya taɓa biyan su don haka.

Sai shekarar da aka rufe boda. Motoci suka tsaya, 'yan dako suka watse, masu abinci suka kife tukwane. Ni ma na ji a jikina, don ba wanda ke gini, wanda kuma bai ci ba ba ya tunanin katakon rufinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda sana'arsa ta mutu sai ya sayi famfo. Ɗan bumburutu ya zama mai feshi, ɗan kamasho ya zama mai feshi. Kaya kuwa suna jibge a situna, ƙofofi a garƙame, ga damina.

A cikin wannan hali Alhaji Isuhu ya aiko a kira ni. Alhaji Isuhu mai masauki ne, gadon gidansu ne. Fataken Maraɗi a gidansa suke sauka, a sitonsa suke ajiye kaya kafin a gama da kwastan, su suna kiran wurin mangaza. Ku yaran yanzu ba lalle ku san yadda ajiyar mai masauki take ba. Ba takarda, ba sa hannu. Mai kaya zai ɗaure dilar kayansa da igiyarsa, da irin ƙullin da shi ya san shi, ya ja fenti daga jikin dilar zuwa bango, ya tafi. In ya dawo ƙulli zai fara dubawa, sannan fenti. In layin ya goce ko da kaurin yatsa ne, an taɓa kaya, kuma ba sai ya ce komai ba. Duk darajar mai masauki a nan take: a tarar da kaya yadda aka bar su.

Kayan da ke ciki a lokacin yawancinsu na mace ɗaya ne, Hajiya Rabi ta Maraɗi, dillaliyar atamfa. Ta saro daga Kano, ta sauke, ta tsallaka gida da niyyar dawowa da mota, aka rufe hanya a bayanta. Mace ce mai shekaru, ba ta bin hanyar daji a kan babur, balle yadda dajin ya zama. Mahaifinta a gidan mahaifin Alhaji Isuhu yake sauka tun ana zuwa da jakai. Ita ce babbar baƙuwar gidan, inda ta sauka nan sauran 'yan Maraɗi ke sauka.

Da aka buɗe mini ƙofar, hancina ya fara gaya mini. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin siminti. Dilolin suna jere jikin bango, hawa-hawa, kai tsaye a kan daɓe, ko katako ba a shimfiɗa ba. Daga bayansu wani siririn layin jar laka ya hau bango kamar kara. Shi ne abin da Alhaji ya gani ya tsorata. Na buga daɓen da rodi, ya amsa kamar ganga. Na kife tukwanena a waje ta kowane gefe, na kife ɗaya a ciki kan wata tsaga kusa da kayan. Da safe na waje duk ba abin kirki. Ta cikin da na ɗaga sai da na yarfe hannu.

Na ce, "Alhaji, mi ke wurin nan kafin a yi gini?"

"Fili ne. Sai wani suri da kututturen gawo. An baje su."

"An haƙe, ko an baje?"

"An baje na ce maka. Birkila ya zuba siminti a kai."

Na ce to ba shigowa gara take yi ba, a gidanta take, shi ne ya yi mata rufin kwano. Na faɗa masa abin da za a yi. A fitar da dilolin nan a shanya, a fasa daɓe, a haƙo uwa da kututturen, a shayar da ƙasa, a sake zubi, a mayar da kaya kan ƙarfe nesa da bango. Na ce na ƙasan ma ban ba shi tabbacinsu ba, amma na sama za su tsira in an yi yanzu.

Ya ce, "A fitar da wane kaya?"

"Waɗannan."

"Sale, kayan ajiya ne."

"Na sani. Gara ce ba ta sani ba."

"Ka ga fentin can? Ka ga ƙullin can? Mahaifina ya riƙe kayan wani Ba'adare har mutumin ya rasu, 'ya'yanshi suka zo suka tarar da ƙullin ubansu yadda ya ɗaura. A gidan nan aka yi. Ni ne zan fara sa hannu a kayan baƙo?"

Na ce abin mai sauƙi ne, ga waya a aljihunsa, ya kira Hajiya ya faɗa mata, ta ba da izini.

"In ce mata mi? In ce sitona da gara? Kafin la'asar duk kasuwar Maraɗi ta ji."

"To kira liman da dattawa biyu su tsaya a ɗaga a gabansu."

"In na tara shaidu a kan kayan baƙona, ai na gaya wa gari ni abin zargi ne."

Ya ce shi abin da yake so in zagaye kayan da feshi, in feshe bango, in feshe bakin ƙofa, kada ɗigo ya taɓa dila, kada dila ta motsa. Na ce wannan wanke wa gara tsakar gida ne, ba zan sa sunana a kai ba.

Ya yi dariya. "Kai dai ka hango babban aiki a shekarar da ba aiki."

"Na hango mana, Alhaji, sana'ata ce. Amma ko wani ka ba, haka za a yi shi."

Na kwashe tukwanena na tafi.

Wani ya ba, amma ba haka aka yi ba. Bishir ya samu, wani magidanci da da yake sayar da mai a jarka bakin titi. A shagona ma ya sayi maganin, na sayar masa, don kwalba ba ta da laifi. Na ce masa garar wurin a ƙarƙashin kaya take. Ya ce maganin zai bi ta. Duk mako sai ya je ya yi feshi har wari ya fito titi, masu wucewa suna toshe hanci suna cewa lalle Alhaji Isuhu yana kula da amana. Bishir ya kankare layin lakar nan na bango ya share, wato ya goge abu ɗaya tak da ke nuna ana ɓarna. In ya gama sai ya tattara matattun a murfin kwano ya kai wa Alhaji har zaure. Gara kuwa ba wawiya ba ce kamar masu feshinta. Ta ga gefe da guba, sai ta bar gefe, ta tattara ƙarfinta a tsakiya, ƙarƙashin dila, inda ba famfon da ke kaiwa.

Duk sanda na wuce majalisarsu sai Alhaji ya ɗaga murya. "Sale Mai-Gara, zo ka yi mana ta'aziyya, yau ma mun yi gawa cike da murfi."

"Allah ya ji ƙan su, Alhaji. Uwar tana ciki?"

"Kai da uwar nan. Ko kai ta haifa?"

A yi dariya, in wuce. Sau ɗaya ina tsaye wayarsa ta yi ƙara, Hajiya ce. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Lafiya lau, Hajiya, kayanki ko ƙuda bai sauka a kai ba." Ya dube ni yana faɗa.

Rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Da aka buɗe hanya, Hajiya Rabi tana cikin waɗanda suka fara tsallakowa. Da hantsi Alhaji ya aiko a ce in zo. Ba aiki ya kira ni ba, so yake in tsaya a buɗe kaya a gabana in ji kunya. Na je. Na tarar da mota a bakin ƙofa, 'yan dako sun dawo, ga 'yan Maraɗi da suka biyo ta, ga Bishir a gefe da famfonsa ya sha wanki.

Hajiya gajeriyar mace ce, da tabarau, da carbi a naɗe a hannu. Ta shiga ta bi dilolin ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa ƙulli, ta duƙa ta dubi fenti. Ba wanda ya goce. Ta miƙe ta dubi Alhaji ta ce, "Ɗan Malam Habu, ka yi halin gida. Yadda munka bari haka munka iske."

Alhaji ya waiwayo ya neme ni da ido.

Aka ce a loda. Mutum biyu suka kama dilar sama suka ɗora wa na uku a kafaɗa. Bai yi taku biyu ba gindinta ya buɗe, jar ƙasa ta zubo masa a wuya har cikin riga. Ya yar da ita. Zago ya watsu a kan siminti. Hajiya ta ce a ba ta wuƙa. Ta farke buhun da kanta ta zaro turmi ɗaya. Daga gefe atamfa ce sabuwa, launinta yana ƙyalli. Ta warware ta, ta ɗaga. Ta cikinta muka riƙa ganin juna. An ci ta a ninke, rami ɗaya ya fito a kowane ninki, a jere. Ta zaro wani, haka. Wannan ta sama ke nan. Na tsakiya rabi laka rabi tsumma. Na ƙasa kuwa ba a ɗaga su ba, don babu abin ɗagawa. Ƙasa ce ta ɗauki siffar dila ta zauna a cikin buhu. Igiya kaɗai ta tsira, don ta roba ce, kowane ƙulli yana nan daram.

Na duba gefe, babu Bishir.

Hajiya ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Yaushe anka fara ganin ta?"

Alhaji ya kawar da kai. Wani ya nuna ni ya ce ga mai gara nan. Ta juyo. "Malam, kai na tambaya."

Na ce tun daminar bara. Ta ce a lokacin da abin da zai tsira? Na ce na sama duka, da mafi yawan na tsakiya. Ta ce mi ya hana? Na ce ba a taɓa kayan ajiya.

Alhaji ya matso. Muryarsa ta yi ƙasa. "Hajiya, Allah ya sani ba wanda ya sa hannu a kayanki. Ga ƙullinki nan."

"Na gani."

"Ko ɗigon magani ban bari ya taɓa su ba."

"Na gani, Isuhu. Sau nawa ina kira kana ce mani lahiya lau?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

"Hankalina, ko sunanka?"

Ya ce zai biya, ko gona ce zai sayar. Ta ce wannan magana ce ta dattawan kasuwa, za su zauna. Daga nan ta duƙa ta shiga kwance igiyoyinta. 'Yan dako suka zo za su taya ta, ta ce su bari. Ta kwance su duka, tana naɗewa a gwiwar hannu yadda mata ke naɗe igiyar guga, ta zuba a jaka. Azahar ta yi. Alhaji ya ce ɗakinta yana nan an share, an kai ruwa, abinci ya sauka. Ta ce ta gode. Ta tambayi wani ɗan dako ko gidan da ke tsallaken titi suna karɓar baƙi. Ya ce suna karɓa. Ta rataya jakarta ta tsallaka. 'Yan Maraɗin da suka zo da ita suka tsaya jim kaɗan suna duban ƙasa, sannan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Dattawa sun zauna, an yi abin da aka yi, ban shiga ba don ba sana'ata ba ce. Abin da ya shafe ni shi ne bayan an kwashe tarkacen Alhaji ya sake aikowa. Wannan karon bai yi gardamar komai ba. Ya ce in yi yadda na ce tun farko. Muka fasa daɓen, siminti ko kaurin tafin hannu bai kai ba. Muka tarar da kututturen gawon ya zama kamar soso. Muka bi ɗakunan har rami ya kai mini ƙirji, daidai inda dilolin Hajiya suka zauna. Na fasa dunƙulen, na ɗauko ta. Ban taɓa ganin mai girmanta ba, ta ci ta ƙoshi da atamfar Kano. Na fito na ce ya buɗe hannu. Ya tsaya yana dubana. Na ce al'adar aikin ke nan, Alhaji, ba a sallamata sai na sa maka ita a tafi. Ya buɗe. Ta kwanta a hannunsa tana numfashi, ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce, "Wannan ce duka?"

Na ce ita ce.

Na shayar da ƙasar, na sa aka yi zubi mai kauri, maƙeri ya ƙera masa gadajen ƙarfe na ɗora kaya, na auna tazarar bango da kaina. A duk aikin da na yi a Magama babu wanda ya kai wannan kyau. In kuna son ganin yadda ake yi, ku je ku duba, ƙofar a buɗe take kullum, ba mai hana ku shiga. Gadajen ƙarfen suna nan a jere, 'ya'yansa suna jingina babura a jikinsu. Motocin Maraɗi a tsallaken titi suke saukewa. Duk shekara in damina ta kusa nakan shiga in buga daɓen da rodi in kara kunne. Babu gara ko ɗaya. Babu kuma abin da za ta ci.